Injiniyan da Ba Ya Gina Gada

Maƙalar wannan makon daga tsakar gidanmu ta fito, don haka a yi mana uzuri idan an ji ƙanshin gardamar gida a cikinta.

Ƙaninmu ne ya tayar da ƙurar. Yaron ya gama sakandare, lissafi ya zauna masa daram, kuma tun yana aji huɗu kowa a gida yake ce masa "Injiniya". Da lokacin cike fom ɗin JAMB ya matso, sai ya sanar a kan kwanon tuwon dare cewa shi injiniyancin masana'antu da tsarin aiki yake so, kuma a Jami'ar Ibadan. Baba ya tsame hannu daga kwano ya dube shi. "Injiniyan me ke nan? Gada za ka gina, ko wuta za ka ja, ko mota za ka gyara?" Yaron ya ce babu ko ɗaya. "To me za a ce ka iya idan ka dawo bayan shekara biyar?" Daga nan Baba ya juyo gare mu: "Kai da ka yi foli, faɗa wa ƙaninka gaskiya." Muka yi ta kame-kame. Da ƙyar muka ce fanni ne na tsara aiki. Baba ya ce ai tsara aiki ba sai an je Badun ba, shi shekara nawa yana riƙe da injin markaɗensa babu farfesan da ya koya masa. Gardama ta mutu a nan, amma mu da ita muka kwana.

Abin da muka kasa faɗa a daren nan shi muke so mu faɗa yau. A ganinmu yaron ya hango abin da mu yayyensa ba mu hango ba. Cikin fannonin injiniyanci, da wuya a sami wanda Arewa ta fi buƙata kuma ta fi ƙarancin sani a kansa kamar wannan, kuma duk ɗalibin da lissafi bai firgita shi ba ya kamata ya dube shi da idon basira kafin ya bi ayari zuwa fannin gine-gine ko na lantarki.

Mu fara daga shagon tela, tunda babu wanda tela bai taɓa ɓata wa sallah ba. A ce shago ne mai mutum huɗu. Mai yanka yana iya yanka kaya 20 a rana, mai ɗinki ya haɗa 15, mai aikin wuya ya gama 6, mai guga kuwa ko 30 aka ba shi zai goge. Kaya nawa ke fita daga shagon a rana? Shida. Ko mai yanka ya kwana da almakashi a hannu, shida ne. Abin da zai ƙaru kawai shi ne tarin yankakken yadi a ƙarƙashin tebur, inda hannun rigar wani ke faɗawa ledar wani. Maigidan shagon, da ya ga aiki ya yi masa yawa, yakan ci bashi ya sayo sabon keken ɗinki, ya ɗauko ƙarin yaro. Washegari kaya shida ne dai ke fita, ga bashi ya hau wuya. Wurin mai aikin wuya aikin ya shaƙe, nan ya kamata kuɗin su tafi. Gida ko ya kai faɗin filin idi, ta zaure ake fita. Wannan wurin da aiki ke shaƙewa, mu kira shi mashaƙa, nemo shi na cikin abubuwan farko da ake koya wa ɗalibin wannan fanni.

Akwai lissafi na biyu a shagon. Idan kaya 90 ne a gabanka, shida ke fita a rana, kwana 15 za ka jira ko da telan ƙanin mahaifiyarka ne. Ke nan telan da ya karɓi shaddarka saura kwana 10 sallah, ya ce ka dawo ranar jajibiri, ya riga ya saɓa alkawari tun kafin ya ɗauki awonka. Ba lallai ne ya zama maƙaryaci ba, bai ƙirga ba ne kawai. Wannan alaƙa tsakanin yawan abin da ke layi, da saurin fitarsa, da tsawon jira, wani Ba'amurke mai suna John Little ya tabbatar da ita a lissafe a 1961, kuma yadda take aiki a shagon tela haka take aiki a banki, da tashar jirgin ruwa, da kotun da shari'u suka taru mata. Tunda a cikin masu son ƙagaggen labari muke, bari mu ɗan ratse: littafin da ya fi yaɗa batun mashaƙa a duniya ƙagaggen labari ne, The Goal na Eliyahu Goldratt, 1984, labarin manajan da aka ba wata uku ya ceto masana'antarsa ko a rufe ta. Har gobe ana sa ɗalibai su karanta shi a jami'o'i.

To ga amsar da ta kamata mu ba Baba. Injiniyan gine-gine yana zana gada, na lantarki yana zana hanyar wuta, na inji yana zana injin. Shi wannan yana zana yadda mutum da inji da kaya da kuɗi da lokaci za su haɗu su yi aiki ba tare da ɗaya ya zauna jiran ɗaya ba. Abin da yake ginawa ba a ɗaukarsa a hoto, shi ya sa iyayenmu ba su san shi ba.

Fannin ba sabo ba ne. Wajen ƙarshen shekarun 1890, a kamfanin ƙarfe na Bethlehem da ke Amurka, Frederick Taylor ya lura leburori suna amfani da shebur ɗaya wajen kwasar tama mai nauyi da kuma ɓarɓashin kwal marar nauyi. Ya yi ta gwaji har ya gano nauyin da mutum zai iya ɗagawa wuni guda ya fi yin aiki, kusan kilo 10 a kowane ɗebi, sai ya sa aka ƙera shebur daban-daban gwargwadon abin da za a kwasa. Frank Gilbreth, wanda ya fara rayuwa a matsayin magini, ya ƙirga motsin da birkila ke yi kafin ya ɗora bulo ɗaya, ya rage shi daga 18 zuwa wajen 5, har ya ƙera dandamalin da ake ɗagawa tare da gini don kada magini ya riƙa sunkuyo. Shi da matarsa Lillian suka mai da nazarin motsin ma'aikaci ilimi mai zaman kansa. A 1909 Jami'ar Penn State ta buɗe sashe na farko na wannan fanni. A wannan shekarar dai wani ma'aikacin kamfanin tarho a Denmak, Agner Erlang, ya aza tubalin lissafin layi da jira. A 1913 Henry Ford ya sa mota ta riƙa zuwa gaban ma'aikaci maimakon ma'aikaci ya zagaya mota, lokacin haɗa ta ya faɗo daga sama da awa 12 zuwa kamar awa ɗaya da rabi.

Wanda ya fi burge mu cikinsu shi ne Taiichi Ohno na Toyota, saboda halin da ya yi aiki a ciki ya fi kama da namu. Japan ta fito daga yaƙi a talauce, babu kuɗin tara kaya a sito, babu babbar kasuwa irin ta Amurka. Rashi ne ya tilasta masa ya zama maƙiyin ɓarna. Ya lissafa ɓarna iri bakwai, cikinsu har da jira, da ɗaukar kaya daga nan zuwa can ba dalili, da tara kaya, da sake yin aikin da aka ɓata, kuma wadda ya ɗauka ta fi muni ita ce yin abu fiye da yadda ake buƙata. Ana ba da labarin cewa yakan zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta, ya sa sabon injiniya ya tsaya a ciki na tsawon sa'o'i yana kallo, har sai ya iya faɗin inda lokaci ke zurarewa.

Da wannan idon na Ohno muke so mu sake duba wani hoto da dukkanmu muke alfahari da shi, wato dalar gyada ta Kano. Babu musu, dalar shaida ce ta ƙoƙarin manomanmu da fatakenmu, kuma jera dubban buhuna a rufe su da tamfol dabarar ajiya ce mai kyau. Amma mu tambayi kanmu, me gyadar take yi a wurin? Jira take yi. Kasuwarta tana ƙetaren teku, tsakaninta da tashar Legas akwai layin dogo guda na sama da kilomita 1,000. Bayan yaƙin duniya na biyu, jirgin ƙasa ya yi ƙarancin kawuna da taragu, har gyadar wata kakar takan tarar da ta bara ba a kwashe ba, ƙwari suna ci, kuɗi suna kwance. Ɗalibin wannan fanni idan ya ga hoton, layi yake gani mai siffar dala, kuma zai ce maka mashaƙar tana kan dogo. Mun san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mu ma da muka fara fahimtar ta sai da jikinmu ya yi sanyi.

Kada a ce mun tono tsohon zance, ga na jiya-jiya. A 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa, wadda aka gina don ta sarrafa tan 1,200 a rana. Injina sababbi, a tsakiyar yankin noman rani. Ba a je ko'ina ba ta tsaya. A shekarar tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, sannan ko a shekarun lafiya tumatir na zuwa ne a 'yan watanni, kuma idan farashin kasuwa ya fi na masana'anta manomi kwandonsa kasuwa zai nufa, wa zai ga laifinsa? Aka yi ta buɗewa ana rufewa. A gefe guda kuma kowace kaka muna ganin tumatir na ruɓewa a kwanduna a bakin titi. Inji yana jiran tumatir, tumatir yana jiran mai saye. Tambayoyin da ke tsakaninsu, irin wane iri za a shuka, yaushe kowane rukuni zai dasa don kada ya nuna a mako ɗaya, wane farashi zai riƙe manomi, mota nawa, awa nawa daga gona zuwa inji, su ne ainihin abin da ake kwashe shekaru ana karantawa a wannan fanni.

Mu kanmu mun ga irinsa da idonmu. Lokacin da foli ta tura mu aikin horo, wata masana'antar shinkafa muka samu. An koya mana ɗaure bel, da canza boris, da sauraren ƙarar inji mu gane ciwonsa, kuma har gobe muna alfahari da wannan. Amma mafi yawan wunin injin casar a tsaye yake, lafiyarsa ƙalau. Shinkafar da aka turara ce ba ta bushe ba, wurin busarwar ya yi kaɗan. Oga yakan fito daga ofis ya tarar da ma'aikata a zaune, ya zazzaga musu masifa, ya kira su malalata, wani lokacin a yanke musu kuɗin wuni. Daga baya muka ji ana shirin sayo ƙarin injin casa. Mu yara ne 'yan horo, babu mai tambayar ra'ayinmu, kuma gaskiya a lokacin ba mu da sunan da za mu kira abin da muke gani. An horar da mu mu gyara injin da ya lalace. Tambayar me ya sa lafiyayyen inji yake tsaye, babu darasin da ya ɗora mu a kanta.

Wannan ogan yana da 'yan uwa a kowace ma'aikata, masu ganin cewa muddin ba a ga kowa yana gumi kowane minti ba to ana cutarsu. Lissafin layi ya ƙaryata su. A ce likita yana iya ganin mutum 10 a awa, marasa lafiya kuma suna zuwa yadda ciwo ya kawo su, wani ya daɗe a ciki wani ya fito nan da nan. Mafi sauƙin lissafin wannan yanayi ya nuna cewa idan mutum 5 ke zuwa a awa, a matsakaici mutum 1 za ka tarar. Idan 8 ne, za ka tarar da 4. Idan 9 ne, za ka tarar da 9. Idan suka kai 19 a kowace awa biyu, layin ya zama na mutum 19. A lura, har yanzu masu zuwa ba su kai adadin da likitan zai iya gani ba, amma benci ya cika. Layi ba a hankali yake tsawo ba, yakan yi tsalle ne idan aka kusa cinye ƙarfin mai aiki. Wanda ya san wannan ba zai tsara asibiti ko gidan mai ko ofishin fasfo ba tare da ya bar ɗan sarari ba.

Wani lokacin abin da ke kan layi rai ne. A watan Janairun 2006 mahajjata sama da 340 suka rasu a turmutsitsi a mashigar gadar Jamrat. Bayan nan aka rushe tsohuwar gadar aka gina mai hawa-hawa, amma kankare kaɗai bai isa ba. An raba hanyar shiga da ta fita, an hana masu dawowa cin karo da masu tafiya, an sa wa kowace tawaga lokacin jifanta, kuma masana lissafin tsara aiki ne suka taimaka wajen fitar da jadawalin. Sai ga shi a 2015 wani turmutsitsin ya auku a mahaɗar wasu tituna biyu a Mina, a hanyar zuwa wurin jifan, inda muka rasa 'yan uwa da dama daga ƙasar nan, Allah ya ji ƙansu. Darasin mai ɗaci ne: idan ka buɗe mashaƙa a nan, tana iya komawa can. Dalilin da ya sa ake haɗa kalmar "tsari" da sunan fannin ke nan, don a dubi tafiyar tun daga tanti har komawa tanti.

Yanzu mu ba Baba haƙƙinsa, don yana da gaskiya a wurare fiye da ɗaya. Wace masana'anta yaron zai shiga? Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi bayanta a 2007, Kakuri ta zama kufai. Wanda ya zaga Sharaɗa da Bompai da Challawa ya san yawan ƙofofin da tsatsa ta cinye. Kuma ba rashin iya tsara aiki ne kaɗai ya kashe su ba. Rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da yadin fasa-ƙwauri, da tsofaffin injina, babu agogon auna daƙiƙa da zai magance waɗannan. Duk wanda ya ce wa ɗalibi wannan digirin zai tayar da Kakuri, romon baka yake yi masa.

Amma mu juya zancen ta ɗaya gefen. Inda wuta ke da arha, minti goma na inji yana juyi babu kaya a ciki ba komai ba ne. Inda janareta ke shan dizal da tsadarsa, wannan minti goman shi ne ribar wunin. Tsadar komai a wurinmu ita ce babbar hujjar buƙatar mai farautar ɓarna, kamar dai yadda talaucin Japan ya haifi Ohno. Sannan kalmar "masana'antu" da ke cikin sunan tana ruɗar mutane. Masu wannan karatu suna aiki a kamfanonin siminti da na abinci da na lemo, haka kuma a kamfanonin sufuri da rarraba kaya, da bankuna, da kamfanonin sadarwa, da asibitoci, da ƙungiyoyin agaji masu kai magani da abinci ƙauyuka. Tim Cook na kamfanin Apple wannan fannin ya karanta a Jami'ar Auburn, ya gama a 1982, kuma ta hanyar iya tsara sayo kaya da rarraba su ya yi suna. Ba muna cewa ƙaninmu zai zama shi ba ne. Muna cewa ne ilimin da ke gudanar da sito a can shi ne zai gudanar da sito a Dawanau ko Kantin Kwari, inda dukiya mai yawa ke juyawa kuma galibi a kan maigida kaɗai lissafinta yake.

Akwai kuma wani tabo da ba za mu ɓoye ba. Agogon Taylor ya zama bulala a hannun masu kuɗi da yawa. A 1911 ma'aikatan wata masana'antar makamai ta gwamnati a Watertown suka yi yajin aiki saboda an tsaya a kansu da agogo, har majalisar Amurka ta gudanar da bincike. Layin Ford kuwa ya gundiri ma'aikata suna ta gudu, sai da ya ninka albashi zuwa dala 5 a rana a 1914 kafin su zauna. A ƙasar da leburan masana'anta ba shi da mai tsaya masa, injiniyan da ya koyi ƙirga motsin mutum bai koyi ganin mutum ba, annoba ne. Abin da ya sa duk da haka muke goyon bayan karatun shi ne, a cikinsa akwai darasin lafiyar jikin ma'aikaci, tsayin tebur, nauyin kaya, zafi, haske, hutu. Kuma da a masana'antar shinkafar nan akwai mai wannan ilimi, shi ne zai fara cewa laifin na wurin busarwa ne, a daina yanke wa bayin Allah kuɗin wuni.

Ga ƙannenmu da zancen ya fara shiga ransu, kada a ɗauka fanni ne na gudun wahala. Digirin shekara biyar ne a takarda, kuma wanda ya ga yajin aikin wata takwas na 2022 ya san takarda ba ta faɗin komai duka. A JAMB Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri za ka rubuta, kamar kowane mai neman injiniyanci. Shekarun farko tare za ku sha zanen injiniya, da ƙarfin ƙarafa, da ilimin zafi, da aikin wokshof. Daga baya hanya ta rabu, ka shiga ƙididdiga da lissafin yiwuwar aukuwar abu, da dabarun zaɓen mafi alheri cikin dubban zaɓuɓɓuka, irin wadda George Dantzig ya fitar a 1947, da kula da ingancin kaya, da tsara shimfiɗar masana'anta, da lissafin ko sayen inji zai mai da kuɗinsa, da kwaikwayon aiki a kwamfuta kafin a kashe ko sisi. A aji huɗu akwai wata shida na SIWES, kuma a wannan fannin wanda ya sayi sa hannu a littafin horo ya zauna a gida, ya cuci kansa fiye da kowa, don da'irar allin Ohno ce ya ƙi shiga.

Wurin karatun ma sai an bincika. Ibadan tana da sashen injiniyancin masana'antu da sarrafa kaya, haka Jami'ar Fasaha ta Akure da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka. Benin ta daɗe da sashen sarrafa kaya. Legas tana da sashen injiniyancin tsare-tsare, wanda ya fi karkata ga lissafi da kwamfuta da sarrafa na'urori. A Arewa an fi samun sa a cikin rigar injiniyancin inji, kamar a ATBU Bauchi inda aka haɗa inji da sarrafa kaya a sashe ɗaya. Wannan jerin kansa abin tunani ne. Yankin da ya fi kowa hatsi da dabbobi da manyan kasuwanni, shi ne ɗansa zai hau motar dare ya je Kudu koyon yadda ake tafiyar da su. Sunaye suna kama amma darussa sun bambanta, don haka a nemi jerin darussan sashe a karanta kafin a danna komai a shagon rajista, kada mai kwamfuta ya zaɓa maka makomarka saboda akwai layi a bayanka.

Mu 'yan foli kuwa, a ganinmu wannan fannin kamar don mu aka yi shi. Mun riga mun san warin girisi, mun san yadda ma'aikaci ke magana idan oga ba ya nan, kuma ba ma jin kunyar tsayuwa a ƙasan masana'anta. Abin da muka rasa shi ne lissafin da zai mai da abin da muke gani hujja. Mai ND da sakamako mai kyau yakan samu shiga aji biyu kai tsaye, kowace jami'a da nata sharuɗɗan. Kuma mun san a wurin COREN rajistar mai ND daban, ta mai HND daban, ta mai digiri daban, ko muna so ko ba ma so. Idan dai za mu sake komawa aji mu zauna da ƙannenmu, gara mu koma kan abin da zai ƙara mana ido, maimakon mu maimaita abin da hannunmu ya riga ya iya. Ba za mu ɓoye muku ba, tun daren gardamar nan mu ma muke leƙa sharuɗɗan shiga kai tsaye.

Da muka koma wa Baba da zancen shagon tela, ya saurara har ƙarshe bai katse mu ba. Sai ya ce shi bai san Toyota ba sai a titi, amma ya san kullum da safe yara suna cika ƙofar injinsa da bokitai har wasu su gaji su tafi na gaba. Ya kira yaron ya ce, "Ga inji can. Je ka tsaya, kada ka taɓa komai, ka zo ka gaya min me ke kawo layin."

Kwana shida ke nan yana fita da asuba da littafi da agogon wayarsa. Abin da ya rubuta zuwa yanzu shi ne markaɗen kansa ba ya cin lokaci. Ɗaurayar inji tsakanin attaruhu da wake da gero ita ke ci, sai kuma neman canji. Ya kawo shawarar a riƙa haɗa masu wake a yi musu a jere kafin a taɓa kayan miya. Ranar da aka gwada, layi ya ragu, amma wata dattijuwa da ta riga kowa zuwa da tattasanta ta ce ba za a tsallake ta saboda 'yan ƙosai ba, ta ɗauki bokitinta ta yi gaba, kuma shekara da shekaru a wurin Baba take markaɗe. Yaron ya dawo gida ransa a jagule, ya ce lissafinsa daidai ne. Baba ya ce bai ce ba daidai ba ne, amma wa zai je ya ba Hajiya haƙuri? Jiya da yamma yaron ya je. Har yanzu Baba bai ce uffan ba a kan Badun, ya dai ce a bar shi ya ƙara mako guda a bakin injin.